Kundin da ya ƙi ƙarewa: nazarin lamarin wani malamin ilimin zamantakewa a Maradi

A tsarin karatun jami'a na yanzu, lisansi shekara uku ce, masta biyu, doktora uku. Mutumin da wannan nazari ya shafa ya yi shekara takwas a kan kundin doktora ɗaya, kuma bayan ya samu aikin koyarwa sai da ya kai takardunsa CAMES, hukumar da ke tantance malaman jami'a, sau biyu kafin ya hau mataki na gaba. An sakaya sunansa, da sunayen ƙauyukan da ya yi aiki, da ƙungiyoyin da suka ba shi kwangila. Shekarun da ke ƙasa ana ƙirga su daga ranar da ya yi rajistar doktora.

Asali da karatu

Ɗan wani ƙauye ne a gundumar Madarunfa, kudu da birnin Maradi, ƙauyen da babu sauran daji a kewayensa kuma kowane taƙi yana da mai shi. Mahaifinsa manomi, mahaifiyarsa tana sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. An sa shi lakwal yana ɗan shekara bakwai. Ya ci jarrabawar shiga kwaleji, ya samu BEPC, aka tura shi lise a Maradi, ya zauna gidan ƙanen mahaifinsa mai shago a kasuwa har ya samu bak na adabi.

Karatunsa ya faɗa cikin shekarun 1990, lokacin da makarantun Nijar ba su zauna lafiya ba. Tun daga 9 ga Fabrairu 1990, ranar da aka harbi ɗalibai a gadar Kennedy ta Yamai, yajin ɗalibai da na malamai suka yi ta bin juna, albashi da bursi suna makara, sannan aka karya darajar sefa a Janairun 1994. Shi kansa ya yi asarar shekara biyu.

Ya shiga sashen ilimin zamantakewa na Jami'ar Abdu Mumuni, wadda a lokacin ita ce jami'ar gwamnati ɗaya tilo a ƙasar. Tsohon tsari ya tarar: shekara biyu na share fage, lisansi, sai metiriz, wato shekara ta huɗu, da memuwar, ɗan kundin da ake rubutawa a ƙarshenta. Memuwar ɗinsa a kan adashen mata ya yi shi, irin na Mata Masu Dubara da ƙungiyar CARE ta soma a jahar Maradi a 1991.

Maradi ƙasa ce da masu bincike suka riga suka tattake. Guy Nicolas ya yi rubutu mai yawa a kan Hausawan kwarin Maradi da al'adar biki da kyauta, Claude Raynaut ya zauna ƙauyen Sumarana, Emmanuel Grégoire ya fitar da aikinsa a kan alhazan Maradi a 1986, Barbara Cooper ta rubuta tarihin aure a garin a 1997. Duk wanda zai yi doktora a nan, da waɗannan za a auna shi.

Bayan yunwar 2005: kasuwar anketi

Daminar 2004 ta zo da ƙarancin ruwa da fara. A 2005 farashin hatsi ya yi tashin gwauron zabo, kuma jahar Maradi, wadda ake yi wa kallon rumbun ƙasa, ita ce ta cika cibiyoyin kula da yara masu tamowa. Ƙungiyoyin agaji suka sauka garin. Kowane furoje yana son bincike kafin a fara, wani a tsakiya, wani a ƙarshe, kuma kowane bincike yana son wanda ya iya Hausa ya kuma iya rubuta rahoto da Faransanci.

A lokacin ya gama hidimar ƙasa ta shekara biyu, yana koyarwa a wata kwaleji a matsayin ɗan kwantiragi. Ya fara da ɗan anketi, mai bin gidaje yana cika takardar tambayoyi, ya zama shugaban tawaga, ya zama konsilta mai sa hannu a rahoto.

Kwangilar irin wannan kusan fasali ɗaya gare ta. Kwana 20 zuwa 30 ne gaba ɗaya: kwana uku na shiri da horar da ƴan anketi, kamar kwana goma a ƙauyuka, sauran na rubutu. Tambayoyin sun zo a shirye daga mai ba da kuɗi. Ana biyan wani kashi ranar sa hannu, cikon sai an yi taron amincewa da rahoto. Kuma akwai layi ɗaya a takardar kwangila wanda ba kowa ke karantawa ba: duk bayanan da aka tattara na mai kwangila ne. Kwangila ɗaya tana kawo masa abin da ya fi albashin wata uku. Da kuɗin ya yi aure, ya ɗauki nauyin ƙannensa biyu a lise, ya fanso gonar mahaifinsa da ta shekara shida a jingina.

Da wannan kuɗin kuma ya yi DEA, karatun share fagen doktora, a wata ƙasa maƙwabciya, ya yi rajistar doktora a can, kamar yadda da yawa daga tsararsa suka bazu Wagadugu, Kwatano, Dakar da Faransa. Batun kundin: yadda mata suke samun gona da yadda suke rasa ta a kudancin Maradi. Batun yana da tushe. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta kafa kwamitocin ƙasa, wato na filaye da gonaki, masu rubuta cinikin gona, kuma a 2006 Marthe Diarra da Marie Monimart sun nuna yadda ƙarancin gona yake fitar da mata daga noma a kudancin Nijar.

Shekara ta 1 zuwa ta 3: rahoto 17, babi ko ɗaya babu

Cikin shekara uku na farko ya yi kwangila 17: tamowa, rijiyoyi, bankin hatsi, auren wuri, shigar ƴan mata lakwal, rigakafi. Tsakanin kwangila da kwangila sai ya buɗe kundi, ya karanta kwana huɗu ko biyar, waya ta shigo. Abin da ya aika wa daraktan kundinsa, malamin da ke duba aikinsa, a duk tsawon lokacin shi ne tsarin babi-babi, wanda ya sake har sau uku, da shafi 40 na bitar abin da wasu suka rubuta.

Gwajin farko na fita daga wannan hali shi ne ɗinke rahotanni. Shida daga cikinsu sun taɓo maganar gona, sai ya ciro alƙaluman, ya jera su, ya kira su babi na uku da na huɗu. Darakta ya mayar masa da su cikin mako biyu.

Dalilan a fili suke. Rahotannin shida an yi su a ƙauyuka dabam-dabam, kowane furoje da ƙauyukan da ya zaɓa don bukatarsa, saboda haka alƙaluman ba su haɗuwa. Ma'anar “gida” ma ba ɗaya ba ce: wani rahoton ya ƙirga duk wanda ke cikin danga ɗaya, wani masu ci daga tukunya ɗaya, wani kowane mai aure da iyalinsa. Takardun asali suna ofisoshin ƙungiyoyin, biyu sun riga sun rufe furoje sun tafi, ɗaya ta ƙi ba da izini. Sannan ko an ba shi, tambayar da rahotannin suka amsa ita ce “wa ya cancanci taimako”, kundin kuwa yana tambayar ta wace hanya gona take shiga hannun mace, ta wace hanya take fita.

Shekara ta 4: babbar anketi

Ya yanke shawarar yin tasa anketin da kuɗin aljihunsa. Gida 300 a ƙauyuka goma na Madarunfa da Gidan Runji, ƴan anketi shida, duka maza, kwana 15, takarda mai tambaya 92 da Faransanci, kowane ɗan anketi yana juya ta zuwa Hausa a bakinsa. An yi a watan Afrilu. An shigar da amsoshi kwamfuta, teburori suka fito tsaf. Sakamakon ya ce mace ɗaya cikin goma ce kawai take da gona.

Abin ya yi masa daidai da abin da yake tsammani, amma ƙauyensu na cikin goman, kuma ya san mata da yawa da takardun suka ce ba su da komai alhali yana ganinsu da dammunansu na wake kowace kaka. Ya zaɓi gida 30 cikin 300, ya koma da kansa, ya nemi a zagaya da shi gonakin da ƙafa, da na'urar GPS a hannu. A gida 19, abin da ya gani ya saɓa da abin da ke takarda.

Gida ɗaya ya isa misali. A zaure an tambayi dattijon: “Baba, gona nawa gare ku?” Ya ce: “Biyu, ɗana, su ma ba su da kirki.” Da aka zagaya, mutanen gidan suna noma wuri biyar. Akwai gandun gado wanda shi da ƙanensa ba su raba ba. Akwai wadda yake riƙe da ita jingina daga maƙwabci, bai ƙirga ta ba tunda ranar da mai ita ya kawo kuɗi sai ya sake ta. Akwai gamanar uwargida, wadda aka yanka mata a gefen gandu. Akwai wata da uwargidan ta gada daga mahaifinta a ƙauye na gaba, ɗanta ke noma mata. Ta biyar aro ce, babban ɗansa ya samu wajen kawunsa. Gona ta biyu da dattijon ya ambata kuwa shekara huɗu ke nan tana hannun wani, shi ya jinginar da ita lokacin auren ɗiyarsa. Da aka ce, “Baba, ta Inna fa, ba ka faɗa ba,” sai ya ce: “Ai yaronka ni ya tambaya, bai tambayi ta ɗaki ba.”

Dattijon bai yi ƙarya ba. “Gare ka” a kunnensa gado ne ko saye. Kalmar Faransanci ɗaya da ke takardar ta haɗiye gado, saye, kyauta, aro, haya, jingina da gamana, kuma ƴan anketi shida sun juya ta hanya shida.

Wasu kurakuran sun taru a kai. An tambayi faɗin gona da hekta, manomi kuwa da dami yake auna gonarsa, ko da tiyar iri da take ci, ko da kwanakin da ake yi ana noma ta, don haka ƴan anketi suka riƙa ƙiyasi a ka. A Afrilu magidanta da yawa suna ci rani, wanda aka tarar shi ya amsa. Maza ba su shiga cikin gida, saboda haka duk abin da aka rubuta a kan mata daga bakin mazajensu ya fito. Kuma tun 2005 mutanen karkara sun koyi darasi: mai takarda da biro yana zuwa, bayansa motar rabo. A wasu gidajen gona ta ragu, bakin ci ya ƙaru, gida ɗaya ya tsage uku. Wannan ba sabon abu ba ne gare shi, ya sha ganinsa a kwangila, amma rahoton kwana 25 ba ya barin lokacin komawa a duba.

Ya ajiye anketin. Kuɗin kwangila huɗu suka tafi a ciki.

Shekara ta 5: wata shida a waje

Ya samu bursi na wata shida a wata cibiyar bincike a Turai. Tunaninsa shi ne nisa da waya da ɗawainiyar gida zai sa ya rubuta. Ya karanta sosai, babin bita ya gyaru, ya koyi ajiye madogara a manhaja maimakon a gefen littafi. Amma babin sakamako bai motsa ba, don babu abin zubawa a ciki. Ya dawo da shafi 110 masu kyau a kan abin da wasu suka gano. Makarantarsa ta ba shi ƙarin wa'adi na biyu tare da gargaɗi a rubuce.

Abu ɗaya mai amfani ya biyo bayan tafiyar. A hanyar dawowa ya tsaya Yamai ya halarci horo kan binciken ido da ido, irin wanda cibiyar binciken zamantakewa ta LASDEL take shiryawa. An kafa cibiyar a 2001, Jean-Pierre Olivier de Sardan na cikin waɗanda suka kafa ta, kuma an san ta da tsarin ECRIS: tawaga ta sauka wuri ɗaya na ƴan kwanaki, a rarrabu bibbiyu, kowane biyu su bi rukuni ɗaya na masu ruwa da tsaki, da dare a zauna a kwatanta abin da aka ji, a fitar da tambayoyin da mai bincike zai zauna ya bi shi kaɗai daga baya. Ana shiga ta ƙofar rigima, don a wurin rigima kowa yake faɗin dokar da yake ganin ita ce doka.

Shekara ta 6 da ta 7: ƙauye uku

Ya sake tsari tun daga tushe. Ƙauye goma suka koma uku: ɗaya a bakin Gulbin Maradi inda ake noman rani kuma gona ta fi tsada, ɗaya a kan tudu kusa da hanyar Ɗan Isa, ɗaya nesa da kwalta. Ƙauyensu ba ya ciki, da gangan, don a can kowace amsa ana ba ɗan wane ne, kuma gidansu yana da ɓangare a rigimar gona biyu.

Ya daina ƙirga gidaje, ya koma bin gonaki. Kowace gona ya buɗe mata fayil: wa ya sare ta, hannu nawa ta bi, ta wace hanya, da shaidar wa, wa ke noma ta bana, wa ke cin amfanin. Ba ya rufe fayil sai ya ji baki uku aƙalla, wanda ya bayar, wanda ya karɓa, da shaida ko maƙwabcin iyaka. Inda akwai takarda ya ɗauki hotonta. Takardun iri biyu ne: na kwamitin ƙasa na ƙauye, masu hatimi, da ƙananan takardu da liman ya rubuta da ajami ko mushen lakwal ya rubuta da Faransanci a yagaggen shafin kaye. Na biyun sun fi yawa, kuma su mutane suka fi fitowa da su in rigima ta tashi.

Kafin ya fara hira ko ɗaya ya je gaban mai gari a kowane ƙauye, a bainar jama'a, ya ce: “Ranka ya daɗe, ni ɗalibi ne, ba furoje ya aiko ni ba, bayana babu buhu babu kuɗi.” Ba a yarda ba a zuwan farko. An fara yarda a zuwa na uku, da aka ga a kan babur yake zuwa, a ɗakin baƙi na mai gari yake kwana, kuma babu motar da ta biyo shi.

Ya ɗauki mataimakiya, mai lisansi a ilimin zamantakewa, matar aure, ƴar yankin amma ba ƴar ɗaya daga ƙauyukan ba. Ita ke shiga cikin gida. Lokacinta tsakanin azahar da la'asar ne, bayan an sauke tukunyar rana, kafin a koma daka. Ba ta fara da maganar mallaka. Takan ce: “Inna, da aka kawo ki gidan nan, ina kika fara noma?” Daga nan labari yake warwara: gamanar da miji ya ba ta, yadda aka rage ta da aka yi mata kishiya, yadda aka karɓe ta da babban ɗa ya yi aure, yadda ta karɓi wata jingina da kuɗin adashe, yadda ta je gaban alƙali neman rabin rabon namiji a gonar mahaifinta, ko yadda ta bar wa ƴan'uwanta maza don kada ta rasa gidan komawa in aure ya mutu. Wata amarya ta ce mata tana kulle, alhali tana zuwa rijiya, tana zuwa biki, gona ce kawai ba ta zuwa. Wata tsohuwa a gefe ta yi dariya ta ce: “Ɗiyata, wannan kullen gona ne. Babu wurin da za a yanka mata, shi ya sa aka ce ta huta.” Babu takardar tambayoyin da za ta kamo wannan, don amsar “kina kulle?” i ce a gidan malamin da ya kulle matarsa don addini, i ce a gidan da gona ta ƙare.

An raba zuwan bisa kalandar noma. Hira da maza daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba, an gama girbi, ba a tafi ci rani ba. Hira da mata a rani. Watan Mayu da farkon Yuni, lokacin sassabe da jiran ruwan shuka, na zama a fadar mai gari ne, don a nan rigimar iyaka da ta jingina suke tashi. Da damina zagayen gonaki, a ga wa ke duƙe a ina.

Jimilla: wata 14 a ƙauyuka cikin shekara biyu, hira 84 da aka naɗa, 51 daga ciki mataimakiyar ta yi su, da fayil ɗin gona 63. An tsaya ne da aka ga hira goma na ƙarshe ba su kawo wata sabuwar hanyar samu ko rasa gona ba.

Aikin da ya fi cin rai shi ne kwafe hira. Awa ɗaya ta magana tana cin kamar awa shida kafin ta zama rubutu. Hira 84 masu tsawon minti 50 a matsakaici awa 70 ke nan, wato awa 420 na kwafewa, kwana 140 in ana yin awa uku kullum. An fara rubuta su da Hausa yadda aka faɗe su, sannan aka juya wuraren da za a ɗauko zuwa Faransanci. Kalmomin gandu, gamana, jingina, aro da kulle an bar su da Hausa a duk kundin, da bayaninsu a farko. Ƙa'idar da suka bi ita ce kada hira ta wuce mako biyu ba a kwafe ta ba, don bayan haka an manta wa ya shigo ya katse magana da dalilin da murya ta sauka.

Maganar kuɗi ba ta ɓace ba. Bai daina kwangila ba, ya rage ta zuwa biyu a shekara, duka a Agusta da Satumba, kuma bai karɓi wadda ba ta shafi ƙasa ko noma ba. A ɗaya daga cikinsu ya sa aka ƙara layi a takarda cewa yana da damar amfani da bayanan a aikin jami'a. Kuɗin shiga na gidan ya ragu da fiye da rabi, ginin da ya fara a Maradi ya tsaya a linta shekara uku.

Shekara ta 8: rubutu da kare kundi

Rubutun ya ɗauki wata tara, daga bayan asuba zuwa ƙarfe tara na safe, waya a kashe. Ya fara da babin fayilolin gona, ya bar gabatarwa sai ƙarshe. Anketin gida 300 ta shiga kundin a matsayin babi a kan hanyar bincike, tare da kwatancin gida 30 da aka koma. Masu jarrabawa sun fi daɗewa a kan wannan babin ranar kare kundi.

Lokacin ya yi masa daidai ta fuskar aiki. A 2010 an kafa jami'o'in Maradi, Tawa da Damagaram, a 2014 aka ƙara na Agadas, Diffa, Doso da Tilaberi, a shekarar ce kuma aka sa wa ta Maradi sunan Ɗan Dikko Ɗan Kulodo. Sababbin jami'o'i suna neman masu doktora. Ya ci jarrabawar ɗaukar aiki a ɗaya daga jami'o'in gwamnati, a matakin asistan, yana koyar da ilimin zamantakewar karkara da hanyoyin bincike.

Zuwan farko CAMES

A ƙasashen da ke cikin CAMES, hukumar da aka kafa a Yamai a 1968 mai hedikwata a Wagadugu, jami'a ba ta ɗaga malaminta ita kaɗai. Daga asistan zuwa metir-asistan, zuwa metir na konferans, zuwa cikakken farfesa, sai an rubuta sunan mutum a jerin cancanta. Malaman fannin shari'a, tattalin arziki da likitanci suna da gasar agiregasiyo, masu adabi da ilimin zamantakewa kuwa takardu kawai ake dubawa. Malami yana haɗa kundinsa, maƙalunsa, shaidar awoyin koyarwa da tarihin aikinsa, jami'a ta tura, a ba masana na wasu ƙasashe su duba, kwamitin fanni ya zauna a watan Yuli. Ko a rubuta mutum, ko a ɗage shi zuwa wani zama.

An ɗage shi. Ya sa rahoton kwangila biyar a jerin ayyukansa, ba a ƙirga ko ɗaya ba, don babu mujallar da ta tantance su. Maƙalu biyu sun fito a mujalla ɗaya kuma kusan fayiloli ɗaya suka yi amfani da su, masu dubawa suka ɗauke su aiki ɗaya da aka tsaga. Ta ukun ya biya kuɗi an buga ta cikin kwana goma a wata mujallar intanet, babu gyara ko ɗaya daga wani mai tantancewa, aka jefar da ita.

Zuwa na biyu

Ya bar shekara ɗaya ta wuce bai sake turawa ba. Daga kundi ya ciro tambayoyi biyu da ba su haɗa fayil ko ɗaya ba: ɗaya a kan jingina a matsayin hanyar da mata masu adashe suke shiga gona, ɗaya a kan ƙananan takardu da na kwamitin ƙasa a gaban mai gari. Ya tura su mujallu biyu a ƙasashe biyu. Kafin ya tura ya duba abu uku: sunayen kwamitin tantancewa, ko mujallar tana fitowa a kan kari, da ko ana mayar wa marubuci da rahoton masu dubawa. Ta farko ta dawo da gyara shafi uku, ta fito bayan wata 11. Ta biyu an ƙi ta, ya sake gina ta bisa sukar da aka yi, wata mujallar ta karɓa. Duk wasiƙun ya ajiye su cikin fayil.

Ya kuma fara aikin da ba na kundi ba. Daga 2019 hare-haren ƴan bindiga a Sakkwato, Zamfara da Katsina suka turo dubban mutane zuwa gundumar Gidan Runji, satar mutane da ta shanu ta tsallako iyaka, kuma Najeriya ta rufe iyakarta a Agustan shekarar. Ɗaya daga ƙauyukansa uku ya daina kwanuwa. A sauran biyun ya bi yadda ake ba baƙi aron gona da sharuɗɗan da ake gindaya musu, da tsarin fayil iri ɗaya. Maƙala ta uku ta fito daga nan.

A zama na biyu aka rubuta shi metir-asistan.

Hukunci

Rashin kuɗi ko rashin littattafai ba su ne suka tsayar da shi ba, tunda shekarun da ya fi samun kuɗi su ne kundin bai motsa ba, kuma wata shida a cikin laburare mai kyau ba su haifar da babin sakamako ba. Kwangila ta cinye lokaci, amma babbar ɓarnarta ita ce ɗabi'ar da ta koya masa: karɓar tambaya a shirye, amincewa da amsar farko, rubutu kafin a koma a duba. Da ya tashi yin anketin kansa, da kuɗinsa, babu mai matsa masa, irin ta furoje ya yi. Ko a CAMES, sa rahotanni a jerin maƙalu da neman mujallar kwana goma daga wannan ɗabi'ar suka fito.

Ba a ce takardar tambayoyi ba ta da amfani. Da an yi ta bayan wata 14 na zama a ƙauyuka, an rubuta ta da Hausa, kowace hanyar riƙe gona da tambayarta, mata suna tambayar mata, da ta ba da alƙaluman da kundin ya rasa. Kundin ya nuna hanyoyin da gona take bi, bai iya faɗin yawan kowace hanya a jahar da ƙidayar 2012 ta ba mutum sama da miliyan uku da dubu ɗari huɗu ba. Wannan giɓi ne na gaske, masu jarrabawa ma sun faɗa.

Abin da ya juya lamarin shi ne komawa gida 30 da ƙafa. Ba tsarin bincike ne ya sa shi komawa ba, sanin matan ƙauyensu ne. Da ƙauyen ba ya cikin goman, da alƙalumman “mace ɗaya cikin goma” sun shiga kundi, kuma da wuya wani ya kama su.

Akwai kuma bashin da aka makara wajen biya. Mataimakiyar ta yi hira 51 cikin 84, kuma kusan duk abin da kundin ya sani game da cikin gida ta bakinta ya shigo. A kundin da maƙalu biyu da ya ciro daga cikinsa sunanta yana shafin godiya kawai. A maƙala ta uku ne ya hau kusa da nasa, bayan ta yi rajistar masta. Muryoyin 84 da rubutunsu na Hausa har yanzu suna kan faifan ajiya guda biyu, ɗaya a ofis, ɗaya a gida.